Tukunyar Wanka a Ƙasar Haɗeja

Duk wanda ya taɓa kwana a Haɗeja cikin watan Janairu ya san sanyin da ke tasowa daga fadama da asuba. Iskar hunturu ta biyo ta kan ruwa, ta ratsa gonakin alkama, kafin ta shigo gari ta koma kamar ana yankar kunne da reza. A wannan lokacin, tun ladan bai yi kiran farko ba, akwai gidajen da wuta ta riga ta kama a murhu. An ɗora babbar tukunya ko rabin ganga, an cika ta da ruwa, an danna rassan darbejiya a ciki. Mai wucewa ta lungu ba sai ya tambaya ba. Warin ganyen nan mai ɗaci-ɗaci da hayaƙin ice sun riga sun shaida masa an yi haihuwa a gidan.

Wankan jego shi ne sarkin wankan ganye a ƙasar Hausa, amma yana da 'yan'uwa. Akwai sirace, inda mai mura ko zazzaɓi zai lulluɓa da bargo a kan tukunya ya shaƙi tururi har gumi ya keto masa. Akwai zaman baho da mata ke yi cikin ruwan bagaruwa. Akwai jiƙa ƙafa da manomin shinkafa ko masunci ke yi bayan ya wuni cikin laka. Akwai kuma wankan amarya, wanda babu ciwon da ake nema wa magani da shi, ƙanshi da laushin fata kawai ake so. Gidan Bahaushe ba shi da kwamin da mutum zai miƙe a ciki irin na otal. Bokiti ne da baho da kofi ko ƙwarya, sai 'yar kujera. Da waɗannan aka gina ilmin wanka mai faɗi, kuma ƙasar Haɗeja na cikin wuraren da Allah ya hore wa kayan aikinsa.

Dalili shi ne ƙasar iri biyu ce. Ga fadama, inda Kogin Haɗeja ke bazuwa da damina ya rarrabu rassa-rassa ta Auyo da Kiri Kasamma da Guri har ya dangana da Nguru. Ga kuma jigawa, tudun rairayi, ta wajen Birniwa da Malam Madori da Kaugama. Kowanne da tsironsa. A fadama bagaruwa ke tsayawa da ƙafarta cikin ruwa wata da watanni ba ta mutu ba, haka giyayya, wadda masu magani ke dafa ganyenta saboda zazzaɓi. A nan ne jema ke fitowa, wadda saiwarta ke sa wa ruwan randa ƙanshi, da kajiji, da mata ke tono 'ya'yansa su shanya su daka don turare. A tudu kuwa sai sabara da kalgo da runhu da magarya da tsamiya. Matar da ta tashi a ƙauyen da ke tsakanin biyun tana iya haɗa tukunya guda da ganyen fadama da na jigawa ba ta kashe ko sisi ba.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, darbejiyar da yau ake ɗauka uwar wankan gargajiya baƙuwa ce. Asalinta ƙasar Indiya ne da maƙwabtanta, kuma sai a 1928 aka fara shuka ta a lardin Borno, daga nan ta bazu yamma. Sunayenta ma sun tona asirinta, don kowane gari da yadda ya raɗa mata: darbejiya, maina, dogon yaro, bedi. Ke nan kakannin kakanninmu da suka yi jego kafin zuwan Turawa da runhu da tsamiya da sabara suka yi. Al'adar ta karɓi baƙon ganye cikin ƙasa da shekara ɗari har ta mance baƙo ne. Duk mai cewa ba a taɓa wankan gargajiya, yadda aka gada haka za a bar shi, ya kamata ya tuna da wannan, domin matan da suka gabata sun gwada sabon abu, suka ga ya yi, suka riƙe.

To me ganyen ke yi wa jiki? Kaso mafi tsoka na daɗin da ake ji daga ruwan ɗumin kansa yake. Ɗumi na buɗe ƙananan hanyoyin jini na fata, yana sassauta tsokar da ta ɗaure, kuma wanda ya yi wanka da shi awa ɗaya ko biyu kafin ya kwanta ya fi saurin samun barci. Sai ganye ya ɗora nasa. 'Ya'yan bagaruwa cike suke da sinadarin nan mai bauri da majema ke jeme fata da shi, sinadarin da ya taimaka wa jar fatar akuyar Sakkwato ta yi suna har Turai. Shi ke tsuke fata, ya tsane ƙaramin rauni, shi ya sa ruwanta ke yi wa ƙafar da ruwa ya cinye tsakanin yatsunta amfani. Ganyen magarya, idan aka shanya aka daka aka kaɗa cikin ruwa, yana yin kumfa kamar sabulu, kuma Musulmi sun san matsayinsa tun daga Sunna, inda aka yi umarni da shi tare da kafur a wankan gawa. Ganyen darbejiya na kwantar da ƙaiƙayi da ƙurajen zafi, kuma gwaje-gwajen ɗakin bincike sun nuna yana da sinadaran da ke hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Ganyen turare da ganyen lemun tsami da ɗaɗɗoya kuwa mai ne a cikinsu mai tashi da tururi, shi hanci ke ji ya buɗe.

Haɗa tukunyar ba wuya, amma akwai inda gwanaye ke bambanta da 'yan koyo. Gwana takan wanke ganyen tas kafin ya shiga tukunya, don ganyen bakin titi ƙura ce da hayaƙin mota, na gefen gonar tattasai ko tumatir kuwa wataƙila an yi masa feshi jiya. Saiwa da ɓawo da 'ya'yan bagaruwa su ake fara sawa, su daɗe suna tafasa har ruwan ya yi ja. Ganye mai ƙanshi sai an kusa saukewa, a rufe tukunyar, in ba haka ba ƙanshin ya bi iska, maƙwabta su sha, mai wanka ya tashi da lami. A tace da rariya ko tsaftataccen ƙyalle, a surka, a yi amfani da shi a ranar, don ruwan ganyen da ya kwana yakan fara tsami. Akwai tsiron da ba ya kusantar tukunyar wanka: tumfafiya da tinya da bini-da-zugu, masu ruwan da ke ƙona fata, na tumfafiya ma in ya shiga ido yana iya yi masa lahani. Haka jarkar da aka taɓa zuba maganin feshi a ciki, wadda ba ta wuya a ƙasar noman rani, ko sau nawa aka ɗauraye ta ba ta dace da ruwan wanka ba.

Yanzu a dawo kan mai jego, domin a nan maganar take da nauyi.

A fahimtar gargajiya, matar da ta haihu jikinta ɗanye ne, a buɗe yake, sanyi na iya shigarta ya zauna, ya zama kumburi ko ciwon da za ta yi ta fama da shi har tsufa. Maganin ɗanye kuwa a gasa shi. Don haka safe da yamma, har kwana arba'in, wasu ma su zarce, ungozoma ko uwa ko gwaggo za ta tsoma damin ganye cikin ruwan zafi ta riƙa fyaɗa mata a jiki, a baya da ciki da cinyoyi. Ta fito ta sha kunun kanwa, ta ci ƙauri da yaji. Mai haihuwar fari takan tafi wankan gida, wato gaban iyayenta. Miji kuwa tun cikin na wata bakwai ya fara tara ice, don namijin da ya kasa icen wanka ya shiga bakin dangi.

Wanda ya kalli wannan tsari da idon adalci zai ga hikima a ciki. Kwana arba'in an ɗauke wa mace daka da surfe da ɗiban ruwa. Ana ba ta nama a gidan da nama ba kullum ba. Sau biyu a rana wata babbar mace mai ƙwarewa na ganin jikinta, tana taɓa ta, tana tambayar ta, "'Yar nan, ya jikin? Jinin ya ragu?" A ƙauyen da damina ke yanke shi daga asibiti sai da kwalekwale, wannan kulawa ba ƙaramin abu ba ce. Matan birni da yawa da suka haihu nesa da dangi, suka tashi rana ta uku suna wanki da girki, sun san abin da suka rasa.

Amma likitoci sun daɗe suna sa ido a kan zafin. A shekarun 1970, Neil Davidson da Eldryd Parry na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun bi diddigin mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka wallafa sakamakon a 1978. Sun lura ciwon ya yi yawa ƙwarai a tsakanin matan Hausawa, ya fi tsananta a watannin zafi da damina, suka danganta shi da gishirin da ke cikin kanwa, wanda ke tara ruwa a jiki, haɗe da wankan zafi da kwanciya a gadon ƙasa da ake hura wuta ƙarƙashinsa. Shekaru da dama wannan bayani shi ake koyar wa ɗaliban likita. Daga baya wani babban nazari da Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranta a asibitocin sassan Nijeriya, wanda ya fito a 2020 kuma ya ƙunshi mata sama da 400 masu wannan ciwo, ya zo da wani hoto daban. Ya tabbatar ciwon ya fi yawa a Arewa maso Yamma, amma abubuwan da ya samu suna tafiya da shi su ne rama, da rashin karatun boko, da rashin sana'a, da hawan jinin ciki. Bai samu hujjar cewa wankan jego da kunun kanwa su ne ke haddasa shi ba. Binciken Karaye na baya ma ya nuna ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin irin waɗannan mata.

Wannan ya wanke al'adar daga zargi guda, kuma daidai ne a faɗa da babbar murya, don an daɗe ana ɗora wa tsofaffin mata laifin da talauci ke da kaso mafi girma a ciki. Sai dai bai wanke tafasasshen ruwa ba. Macen da zuciyarta ta riga ta raunana, ko jininta ya hau, zafi mai tsanani da gishirin kanwa nauyi ne a kanta. Ga kuma ƙuna, wadda ba ta bukatar dogon nazari. Ruwan da ya kai digiri 60 a ma'aunin Salshiyas yana ƙona fata cikin 'yan daƙiƙoƙi, alhali mai digiri 49 sai ya yi mintuna a jiki kafin ya yi haka. Likitocin tiyata a Zariya sun rubuta labarin masu jegon da aka kawo musu da ƙuna daga wannan wanka. Ga mace ta yi asarar jini, ba ta yi barci ba, a tsayar da ita cikin tururi a watan Afrilu da zafin Haɗeja ke haura digiri 40, jiri ya ɗebe ta ta faɗa kan tukunya, wa gari ya waya?

Gyaran ba ya bukatar a zubar da ganye ko a sallami ungozoma. A surka ruwan har mai yi mata wankan ta iya tsoma gwiwar hannunta ta bar ta a ciki ba ta janye ba. Tafin hannun da ya shekara talatin yana ɗaukar tukunya daga wuta ba ma'auni ba ne, ya riga ya mutu da zafi. Mai jego ta zauna a kujera, ta sha ruwa kafin ta shiga, kada a bar ta ita kaɗai, tukunyar kuma ta tsaya a waje. Wadda aka yi wa aiki aka ciro jariri, ko aka yi mata ɗinki, ta bi abin da ma'aikatan asibiti suka ce, don ruwan bagaruwa mai kauri na busar da wuri mai taushi fiye da kima. Jariri kuwa ruwansa kada ya wuce ɗumin jiki, digiri 37 zuwa 38, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar a jinkirta wankansa na farko har awa 24. Sannan akwai alamun da duk mai riƙe da damin ganye ya kamata ta haddace: kumburin ƙafa da fuska, haki, tarin dare, kasa kwanciya sai an jingina, zazzaɓi, jini mai wari. A al'ada, waɗannan ne ake cewa sanyi ya shige ta, a ƙara wuta. Nan ne kuskuren ke kashewa. Waɗannan alamu na asibiti ne, a ranar.

Ba Hausawa kaɗai suka gano daɗin bugun jiki da ganye cikin zafi ba. Mutanen Finland, can ƙuryar arewacin Turai, suna da ɗakin tururi da suke kira sauna, inda suke ɗaure rassan wata bishiya su jiƙa su riƙa fyaɗa wa jikinsu, kusan yadda ungozomar Auyo ke yi da darbejiya. A da can a wannan ɗaki matansu ke haihuwa, don shi ne wuri mafi tsafta da ɗumi a gida. A 2020 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada cikin jerin gadon ɗan Adam. Su ma ba su bar ta yadda suka gaje ta ba: sun fitar da hayaƙin waje ta bututu, sun rataya ma'aunin zafi a bango, suka ci gaba da abinsu suna alfahari.

Akwai wata matsala da ta keɓanta da mutanen bakin kogi, ita ce ruwan kansa. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar Kogin Haɗeja ta canza. Ruwan da a da yake zuwa da ƙarfi da damina ya janye da rani, yanzu yana tafe a hankali kusan duk shekara, wannan ya ba ciyawar kacala damar cushe magudanai da dama. Ruwa mai kwanciya cikin ciyawa shi ne gidan sauro, shi ne kuma gidan ƙananan katantanwar da ke ɗauke da tsutsar tsargiya. Tsutsar ba sai an sha ta ba, ta fata take shiga, daga baya yaro ya fara fitsarin jini. Tafasa ruwa na kashe ta, ajiye shi kwana biyu ma na kashe ta. Amma ga inda ake tuntuɓe: an tafasa rabin bokiti da ganye, sai a ɗebo ɗanyen ruwan kogi ko na kududdufi a surka da shi. In ruwan famfo ko na burtsatse bai samu ba, ruwan surkin ma a tafasa shi tun dare ya huce, ko a ɗebo shi ya kwana biyu a randa. Bayan ambaliya irin ta 2022, wadda ta shafe gonaki da gidaje a masarautar Haɗeja, rijiyoyi da yawa kan haɗu da ruwan masai, don haka mai zaman baho ko mai rauni a ƙafa ta fi kowa bukatar wannan kiyayewa.

Sirace ma yana da iyakarsa. Yana buɗe hanci, yana sa mai mura ya ji sauƙi, amma ƙwayar zazzaɓin cizon sauro cikin jini take, tururi ba ya kai mata. Gumin da ake gani a ce ciwo ya fita, sau da yawa lafawa ce kawai ta zazzaɓin kafin ya dawo. Gwajin jini na yatsa minti goma sha biyar zuwa ashirin ne. Ƙaramin yaro kuwa bai kamata a lulluɓe shi da tukunyar tafasasshen ruwa ba sam, motsi ɗaya ya isa ya kifar da ita a cinyarsa. Mai ƙyanda a shafe shi da ruwan ganye mai ɗumi-ɗumi don ƙaiƙayi, ba laifi, amma a kai shi asibiti, kuma kada a ɗura wa jariri ruwan darbejiya ko manta. Mai juna biyu ta guji zafin da zai sa ta haki da gumi. Dattijon da ciwon sukari ya kashe masa jin ƙafa kuwa, shi ne wanda zai jiƙa ta cikin ruwan da ke dafa shi bai sani ba, sai wani ya gwada masa.

Duk wannan kashedi kada ya mantar da mutum cewa wankan ganye abin jin daɗi ne, kuma ba sai an haihu ko an kwanta ciwo ba. Ƙasar Haɗeja ta daɗe tana maƙwabtaka da daular Borno, ta sha ƙanshin Barebari da Shuwa: dilka da halawa da humra da turaren wuta duk sun zama 'yan gida a gyaran amare. Saiwar jema da dakakken kajiji da 'yan ganyen lemun tsami a ƙaramar tukunya sun isa su mai da bokitin yamma wani abu daban. A cuɗa da sabulun salo da soso, a ɗauraye da ruwan ƙanshin a hankali, kofi-kofi, a shafa man kaɗanya tun jiki bai gama bushewa ba. Manomin da ya wuni yana dashen shinkafa ya zauna bakin ƙofa bayan isha'i, ƙafafunsa cikin baho mai ɗumi na minti goma sha biyar, ya goge kaushi da dutse, ya tsane tsakanin yatsu da kyau. Kuɗin wannan bai kai na katin waya ba.

Abin da ke da tsada shi ne ice. Wanka biyu a rana har kwana arba'in tukunya tamanin ke nan, a gida ɗaya, a haihuwa ɗaya. Dajin Baturiya da ke fadamar Haɗeja, wanda ya shiga jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008, kuma tsuntsaye ke tasowa tun daga Turai su yi hunturu a cikinsa, yana shan gatarin masu ice, kuma bagaruwa na cikin itatuwan da aka fi so don wutarta na daɗewa. Bishiyar da ake dafa 'ya'yanta a tukunya ita ce ake hurawa ƙarƙashin tukunyar. Idan an koma tafasa ƙaramar tukunya ta ganye mai kauri a surka da ruwa mai tsafta, maimakon tafasa rabin ganga, icen da za a ƙona ya ragu sosai, fatar mai jego ta tsira, aljihun maigida ma ya huta.

Ran da aka cika arba'in akan kashe wutar, a wanke tukunya a mayar wa mai ita, don sau da yawa aro ce da ke zagaya dangi. Mai jego ta yi kitso da lalle, ta saɓa goyo, ta fita yawon arba'in gida-gida ana sa wa jariri albarka. Kwana biyu bayan nan yaron ke cika mako shida, ranar da katin asibiti ya sa masa allurar rigakafi da ɗigon shan inna, ranar kuma da ake so a auna jinin uwar a saurari ƙirjinta. A unguwanni da ƙauyuka da yawa, asibitin sha-ka-tafi yana kan hanyar gidajen da za ta shiga gaisuwa.